Takin Rani da Kundin Digiri

A yankin Rimin Gado, yamma da birnin Kano, gona na manne da gona, kuma ba a barin ko ɗaya ta huta. Abin da ya riƙe ƙasar shekara da shekaru shi ne takin gida: kashin awaki da tumaki, toka da sharar tsakar gida. Tun cikin rani ake loda shi a mangala a ɗora wa jaki, ko a zuba a amalanke, a jibge shi tsibi-tsibi a gona. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin noman kewayen Kano tun shekarun 1960, ya nuna cewa haɗa kiwo da noma ne ya hana wannan ƙasa gajiya. Ba dagaci ne ke tilasta wa kowa kai taki ba. Amma idan kaka ta yi, zangarniyar gero ce ke tona wanda ya kai da wanda ya kwanta a inuwa.

A kan hanyar Gwarzo, wadda ta ratsa wannan yanki, sabon mazaunin Jami'ar Bayero yake, jami'ar da ta tsaya da ƙafarta a 1977. 'Ya'yan manoman nan da ke karatu a can da sauran jami'o'i suna da nasu takin ranin: bitar da laburare ko sashe kan shirya a kan dabarun bincike da adana manazarta. Ba ta da maki, ba ta fitowa a jarrabawa, shi ya sa tambayar farko da ɗalibi ke yi ita ce, "Dole ce?" Da an ce a'a, sai ya kama gabansa.

To me ake koya a wurin? Ana koyon neman maƙala a Google Scholar ko AJOL, rumbun mujallun Afirka, da rarrabe mujallar ƙwarai da ta 'yan neman kuɗi. Ana koyon aiki da manhaja irin Zotero, wadda Jami'ar George Mason ta Amurka ta fitar kyauta a 2006, ko Mendeley, wadda kamfanin Elsevier ya saya a 2013. Duk maƙalar da ɗalibi ya karanta, manhajar za ta ajiye masa sunan marubuci, shekara, mujalla da shafuka. Idan ya zo rubutu, ita za ta saka madogara a cikin jimla, ta jera manazarta a ƙarshe bisa tsarin APA ko wanda sashensa ya zaɓa. Kowace maƙala mangala guda ce da aka kai gona tun ruwa bai sauka ba.

Wanda bai je ba sai a aji huɗu yake gane kurensa. Furojet ya taso, babi na biyu na neman bitar ayyukan magabata, ga jimloli masu kyau a littafinsa amma bai san daga ina ya kwafo su ba. Malami ya dawo masa da aiki da jan biro: "Ina madogararka?" Daga nan sai a ruga shagon buga takardu a nemi wanda zai haɗa, ko a ɗauki maganar wani a yi shiru. Wannan ita ce satar fasaha, kuma yau manhaja irin Turnitin na iya bankaɗo ta. Ko ba a kama mutum ba, ya ci amanar ilimi, alhali mun tashi a al'adar da malaman hadisi ba sa karɓar magana sai da isnadi.

Ina da roƙo biyu. Masu shirya bita su tuna da ɗalibin da ke jeka-ka-dawo daga ƙauye, ga kuɗin mota ga rashin kwamfuta: a sa ta da rana, a ɗakin da ke da na'urori, a maimaita ta kowane zango. Ku kuma ƙannena, kada ku jira aji huɗu. Ku shiga tun kuna aji biyu, ku fara ajiye duk abin da kuka karanta daga ranar, sannan ku koya wa abokan da ba su samu zuwa ba.