Shaidar Baƙo A Kasuwar Intanet

Tun fil azal babbar matsalar ciniki ita ce amana. Idan mutum zai miƙa dukiyarsa ga wanda bai taɓa gani ba, to, wa zai tsaya masa?

Fataken shanu na Arewa sun daɗe da samun amsar wannan tambaya. Wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan, ya bayyana a littafinsa na shekarar 1969 cewa falke yakan sauka wurin maigida, dillalan maigidan kuma su sayar wa mahauta shanun bashi. In mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya daga aljihunsa. Saboda haka ba ya yi wa kowa shaida sai wanda ya san halinsa.

Da ciniki ya koma intanet, sai wannan matsala ta sake kunno kai. Kamfanin eBay na Amurka, wanda Pierre Omidyar ya kafa a 1995, ya haɗa masu saye da sayarwa waɗanda ba su san juna ba, kuma babu maigida a tsakani. A 1996 sai kamfanin ya fito da wata dabara, watau bayan kowane ciniki mutum ya rubuta ko ya gamsu ko bai gamsu ba. Akan tara waɗannan shaidu kusa da sunan ɗan kasuwa domin kowa ya gani. Ta haka suna ya zama jari. A yau direban Uber da taurarinsa suka yi ƙasa ƙwarai yana iya rasa aikinsa, ko da fasinjan da ya rage masa tauraro ya manta da maganar tun kafin ya isa gida.

Amma fa dabarar tana da nata aibi. Na farko shi ne ramuwar gayya. Masu saye da yawa sun riƙa yin shiru a kan cutar da aka yi musu don tsoron kada mai sayarwa ya ɓata musu suna. Wannan ya sa a 2008 eBay ya hana masu sayarwa rubuta mummunar shaida a kan masu saye. Na biyu kuwa shi ne shaidar zur. A 2015 kamfanin Amazon ya kai ƙarar mutane fiye da 1,000 bisa zargin sayar da yabon ƙarya. A 2024 kuma hukumar kula da ciniki ta gwamnatin tarayyar Amurka ta kafa dokar da ta haramta saye da sayar da irin wannan yabo.

Abin lura a nan shi ne, maigidan Sabo yana yin shaida da dukiyarsa, mai ba da tauraro kuwa ba ya asarar ko anini in ya yi ƙarya. Don haka ma'aikaci ko ɗalibin da zai aika da kuɗinsa ga baƙo, kada yawan taurari ya ruɗe shi. Ya kamata ya duba tsawon lokacin da ɗan kasuwar ya yi yana ciniki, ya karanta koke-koken da aka yi a kansa, sa'an nan ya ga yadda ya amsa su. Halin mutum yakan fito ne ranar da aka yi ƙorafi da shi.