Sistus: Itacen da fari ke ƙara wa daraja

Da yankin Kataloniya na Sifaniya ya ayyana dokar ta-ɓaci kan fari a Fabrairun 2024, an taƙaita ban-ruwan lambuna a Basalona. Irin wannan matsi ne ke ƙara wa sistus daraja, ɗan itace mai fure na tsaunukan yankin Bahar Rum.

Yana son rana tsantsa da ƙasa mai tsakuwa. Ana shayar da shi a shekarar farko. Bayan nan yawan ruwa ruɓar da saiwarsa yake yi. In aka sare shi har tsohon reshe, da wuya ya sake toho.

Sai dai danƙon ganyen wani nau'insa, wanda ake haɗa turare da shi, na saurin kama wuta, don haka bai dace a dasa shi dab da gida ba.