Sanyin Kasuwa da Tsaron Bayanan Ƙananan Sana'o'i

Kowace sana'a tana da lokacin cikarta da lokacin sanyinta. A ƙasashen Turai ciniki yakan lafa a watannin Yuli da Agusta sa'ad da ma'aikata ke tafiya hutu, har ma a Faransa shaguna da dama sukan rufe ƙofa ɗungum a Agusta. A ƙasar Hausa kuwa watannin nan su ne tsakiyar damina, wato lokacin da kuɗin manomi ya tafi ga taki da ƙwadago, amfanin gona bai iso gida ba, mai kanti kuma yakan yini bai ga masaya na kirki ba. Manufar wannan lacca ita ce ta nuna cewa lokacin nan shi ne ya fi dacewa mai ƙaramar sana'a ya gyara tsaron kwamfutarsa da wayarsa, domin a cikinsu ne dukiyarsa take a yau.

Da farko ya kamata a san cewa ɓarayin intanet suna sane da lokutan hutu, kuma su suke dako. A ranar Juma'a 2 ga Yuli, 2021, ana shirin hutun bikin 'yancin Amurka, 'yan kutse suka shiga manhajar kamfanin Kaseya, wadda masu kula da kwamfutocin ƙananan kamfanoni ke aiki da ita. Ta wannan ƙofa guda suka kulle bayanan sana'o'i da aka ƙiyasta sun kai 1,500, sa'an nan suka nemi kuɗin fansa. A ƙasar Suwidin sai da kantunan Coop kusan 800 suka rufe, domin injinan karɓar kuɗinsu sun tsaya. Saboda haka ƙanƙantar sana'a ba kariya ba ce, don ɓarawon nan bai zaɓi kowa da suna ba, duk ƙofar da ya taras a buɗe ita yake faɗawa.

Aiki na farko shi ne ƙidaya. Mai sana'a zai rubuta duk na'urorin da yake aiki da su, da asusun banki, da akwatin imel, da shafukan talla, tare da sunan duk wanda ya san mabuɗinsu. Sau da yawa akan sallami yaron shago ko akawu, amma a manta da soke izininsa. Hatsarin haka ya bayyana a watan Mayu na 2021, lokacin da aka shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ta wani tsohon asusu da aka daina amfani da shi ba a rufe ba. Bututun ya tsaya kwanaki, kamfanin kuma ya biya fansar kimanin dala miliyan 4.4. Hausawa dai sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Aiki na biyu ya shafi kalmar sirri. Wajibi ne kowane asusu ya kasance da tasa, doguwa, wadda ba sunan ɗa ba ce ko shekarar haihuwa. Har ila yau a ƙara mata makulli na biyu, wato lambar da akan aiko ta waya kafin a shiga. WhatsApp da Facebook da manyan kamfanonin imel duk sun tanadi wannan kyauta. Asusun da aka bi aka shiga Colonial Pipeline ba shi da wannan makulli.

Aiki na uku shi ne sabunta manhaja. Masu ƙera ta sukan gano ɓaraka su aiko da faci, amma mai sana'a yakan ɗage saka shi saboda yawan ciniki. A watan Maris na 2017 kamfanin Microsoft ya fitar da facin wata ɓaraka a Windows. Bayan wata biyu cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi ta ɓarakar ta bazu a ƙasashe kimanin 150, ta hana asibitocin Ingila da yawa aiki. Galibin waɗanda ta kama ba su saka facin ba ne. Ya kamata kuma a lura cewa tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10.

Aiki na huɗu shi ne ajiyar kwafi. Ƙa'idar da masana suka yi ittifaƙi a kanta ita ce a mallaki kwafi 3 na muhimman bayanai, a kan ma'adanai iri 2, a kuma ajiye 1 a wani wuri dabam wanda ba a haɗe yake da kwamfutar shago ba. Sa'an nan lalle a jarraba maido da su, gama rumbun da ba a leƙawa ba a san ko gara ta cinye shi ba.

Aiki na ƙarshe shi ne horar da ma'aikata, domin mafi sauƙin hanyar ɓarawo ita ce yaudara. A koya musu kada su saki kaya don saƙon shigar kuɗi kawai, sai sun duba asusun da kansu. Kada su faɗa wa kowa lambar sirrin kati ko lambar da banki ya aiko, ko da mai kiran ya ce daga banki yake. In kuma an aiko cewa dillali ya sake lambar asusunsa, to a kira shi ta lambar da aka saba kafin a tura ko kwabo.

Bugu da ƙari, al'amarin ya shiga hurumin shari'a. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta wa mai riƙe da bayanan mutane ya sanar da hukumar da abin ya shafa cikin sa'o'i 72 idan an yi kutsen da zai iya cutar da su.

A taƙaice, ayyukan nan biyar sun fi bukatar natsuwa da lokaci bisa ga kuɗi, kuma damina ta samar da duka biyun. Da zarar kaka ta yi, kasuwa ta cika, ba wanda zai sami sukunin yin su.