Tekwando a Nijar: abin da yaro ke koya kafin ya iya shuri

A watan Agusta na 2016, a birnin Riyo na Brazil, Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya kai wasan ƙarshe na tekwando a rukunin masu nauyin fiye da kilo 80. Radik Isaev na Azarbaijan ya doke shi, amma ya dawo Yamai da lambar azurfa. Rabon Nijar da lambar Olamfik tun 1972, lokacin da ɗan dambe Issaka Daboré ya samo tagulla a Munich, wato shekara 44 ke nan. Shekara guda bayan Riyo, Alfaga ya zama zakaran duniya a garin Muju na Koriya ta Kudu.

Tun daga lokacin, ganin yaro da farin kaya da ɗamara a ƙugu, yana tafe filin atisaye bayan la'asar, ya daina zama abin kallo a Yamai da sauran manyan garuruwa. Amma a gidaje da yawa gardamar tana nan. Uba ya ce faɗa za a koya wa ɗansa, ya je ya fasa wa ɗan maƙwabci baki a zo ana biyan kuɗin magani. Uwa tana tsoron karaya. Wa kuma, da ke Aljeriya ko Faransa ko Kwatano, shi ne ake kira a waya ya turo kuɗin rajista, sai ya tambaya: wannan abu me zai tsinana wa yaron a lakwal?

Tsoron ba na banza ba ne. Shi kansa Alfaga, mahaifinsa ya hana shi wasan yana ƙarami, bayan wani ɗan'uwansu ya rasu sakamakon raunin da ya ji a tekwando. Sai da ya koma Togo wajen kawunsa sannan ya sake shiga.

Wanda ya zauna ya kalli darasin ƙananan yara daga farko har ƙarshe zai yi mamakin ƙarancin faɗan da ke ciki. Ana farawa da jeri, manyan ɗamara a gaba, sababbi a baya. Malami ya ba da umurni da yaren Koriya, kowa ya ƙame, a gaisa, sannan a fara. Yaron da ke waige-waige shi kaɗai za a bari yana fuskantar gabas alhali kowa ya juya yamma, kuma ba ya bukatar a yi masa tsawa kafin ya gane. Babban aikin sabon shiga shi ne haddar abin da ake kira pumse, jerin motsi da aka tsara daki-daki, kamar mutum yana kare kansa daga abokin gaba da ba a gani. Na farkonsu yana da taki 18, kuma akwai guda 8 da ake bi kafin baƙar ɗamara, kowanne ya fi na baya wuya. Dole yaro ya riƙe a kansa wace ƙafa ce gaba, wane hannu ke tarewa, ina zai juya, ya kuma ƙare a daidai inda ya fara. Idan hankalinsa ya tafi na daƙiƙa biyu, jikinsa ne zai tona shi.

Nan ne maganar natsuwa take. A aji, ɗalibi na iya zura wa allo ido hankalinsa yana kasuwa, mushe bai sani ba, musamman inda yara suka yi yawa a ɗaki guda. A filin tekwando babu wannan mafaka.

An gwada abin a kimiyyance. A 2004 wasu masana biyu a Amurka, Kimberley Lakes da William Hoyt, sun wallafa sakamakon binciken da suka yi a kan yara 207 na wata makarantar firamare. An raba su biyu: wasu suka ci gaba da wasannin motsa jiki da aka saba, wasu aka koya musu tekwando irin na gargajiya na kimanin wata 3. A darasin tekwandon, ana sa kowane yaro ya tambayi kansa abu uku: ina nake, me nake yi, me ya kamata in yi. Da aka auna su, ƴan tekwando sun fi sauran kame kai da ladabi a aji, sun kuma fi su a lissafin ka. Ci gaban ya fi fitowa fili a wajen maza.

Sai dai akwai wani binciken da masu tallar kulob ba su cika ambata ba. A 2005, a ƙasar Norway, Inger Endresen da Dan Olweus sun bi diddigin yara maza kusan 500 har shekara 2. Sun gano cewa waɗanda suka shiga wasannin ƙarfi, irin su dambe da kokowa da ɗaga ƙarfe, rigimarsu a waje ta ƙaru. Idan aka haɗa binciken biyu, abin da ke fitowa shi ne sirrin ba a shurin yake ba. Yana wajen malamin da irin tarbiyyar filin. Malamin da ke koya wa yaro ya tsaya cak da zarar alƙali ya ce a tsaya, ya gaida wanda ya buge shi, daban yake da wanda ke zuga yara su nuna wa unguwa su waye su. Duk biyun farin kaya suke sawa.

Batun yarda da kai kuma ya fi sauƙin fahimta. Ɗamara mataki-mataki take: fara, rawaya, kore, shuɗiya, ja, sannan baƙa. Kowace sai an ci jarrabawa a gaban jama'a. Yaro mai kunya, wanda ko sunansa aka tambaya sai ya sunkuyar da kai, zai fito tsakiyar fili shi kaɗai, ya yi pumsensa, ya ƙwala ihun da ake yi lokacin kai bugu, iyaye da abokai suna kallo. Wata uku da suka wuce bai iya ba, yau ya iya, kuma ya san ba alfarma aka yi masa ba. Ga yaron da kullum sunansa ke ƙasan takardar sakamako a lakwal, wannan na iya zama karo na farko da ya ga wahalarsa ta haifi wani abu da ido ke gani. A judo, wanda Jigoro Kano ya kafa a Japan a 1882, darasin farko ma faɗuwa ne: yadda za a kayar da kai ka tashi ba ka ji ciwo ba. Yaron da aka kayar sau ashirin a yini guda ya daina ɗaukar faɗuwa a matsayin abin kunya.

Ƴan Nijar ba baƙin wannan ba ne. Ƙasar da ke tsayawa cak saboda gasar takobi tun 1975, lokacin da Yacouba Kantou na Maraɗi ya lashe ta farko a Tawa, ta san cewa ɗan kokowa na ƙwarai shi ne wanda ke kayar da abokin karawarsa ya kuma miƙa masa hannu. Yaran ƙauye suna koyon wannan a dandali bayan girbi, ba rajista ba kaya. Abin da ya canza shi ne birni: filayen unguwa an gine su, salula ta cinye maraice. Kulob ɗin tekwando ko judo ko karate yana cike wani ɓangare na wannan giɓin, da bambanci guda mai muhimmanci, wato ƙofarsa a buɗe take ga ƴan mata. A gasar Olamfik ta Tokyo, Tekiath Ben Yessouf ta wakilci Nijar a tekwando har ta yi karawar neman tagulla.

Wanda zai biya wa ƙane ko ɗa kuɗin kulob, ko daga nesa yake, zai iya sa wani babba a gida ya je ya zauna darasi ɗaya ko biyu kafin a biya. Ya duba ko malamin yana dukan yara da sunan horo, ko yana haɗa ɗan shekara 7 da ɗan shekara 14 su kara, ko ana barin ƙanana suna shurin kai ba hular kariya. Ya duba ko ana barin iyaye su kalla. Malamin da ke rufe ƙofa abin tambaya ne, balle inda akwai ƴan mata. Ya tambayi takardar shaidar malamin da alaƙarsa da hukumar wasan ta ƙasa. Ɗamarar da ake samu duk wata saboda an biya kuɗi ita ma alama ce. A ƙa'idar tekwando ta duniya, yaron da bai kai shekara 15 ba ba a ba shi cikakkiyar baƙar ɗamara, komai ƙwarewarsa. Mai rabin ja rabin baƙi ake ɗaura masa har ya kai.