Daga Kainji Zuwa Dutsen Guga: Lissafin Wutar Lantarki

Ruwan da masuntan Yelwa ke shiga da kwalekwale, shi ne ke gangarawa kudu ya juya injinan madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968. Injina takwas aka kafa, an tsara su samar da megawat 760, watau wat miliyan 760. Amma kafin a ɗora wutar kan dogayen wayoyin da suka nufi Birnin Kebbi, sai an ɗaga ta zuwa bolt 330,000, alhali kuwa gida bolt 230 kawai yake bukata. Dalilin haka yana cikin ɗan lissafin da ɗalibin sakandare zai iya yi a bayan littafinsa.

Bolt shi ne awon ƙarfin da ke tura lantarki cikin waya, ana rubuta shi da V. Amfiya kuwa awon yawan wanda ke kwarara ne, alamarsa I. A 1827 wani malami Bajamushe, Georg Ohm, ya nuna cewa idan aka raba V da I za a sami turjiyar da waya ke yi wa lantarki: R = V ÷ I, ana auna ta da om. Idan kuma aka ninka su, sai a sami ƙarfin aiki, da ake aunawa da wat: P = V × I.

A ɗauki dutsen gugar wani mai wanki da guga a Yelwa, wanda ke jan amfiya 5. Turjiyarsa 230 ÷ 5, om 46 ke nan; ƙarfinsa 230 × 5, wat 1,150.

Da an haɗa ƙa'idojin biyu, sai P = I × I × R ya fito, kuma nan ne gizo ke saƙar. Kowace waya tana da turjiya, don haka tana mai da wani kaso na wutar zafi. In amfiya ta ninka biyu, zafin ya ninka huɗu. In ta ninka goma, ya ninka ɗari. To, a lissafi mai sauƙi, tura wat miliyan 760 da bolt 230 zai bukaci amfiya sama da miliyan uku, abin da babu wayar da za ta ɗauka ba ta narke ba. Da bolt 330,000 kuwa, kimanin amfiya 2,300 ta isa, asarar zafi ta ragu wajen sau miliyan biyu. Taransifoma ce ke ɗaga wutar a Kainji, wasu kuma su sauke ta mataki-mataki har ta iso unguwa.

Wannan lissafi bai tsaya a kan manyan wayoyi ba. Fis ɗin da ke cikin filogi mai baki uku yakan ɗauki amfiya 13, kusan wat 3,000 ke nan. Idan mai gugar nan ya jona dutse uku a kan doguwar waya ɗaya, amfiya 15 za ta bi ta, ta wuce abin da aka tsara wa fis ɗin; in nauyin ya ƙaru sosai, sai fis ya tsinke, wuta ta ɗauke. Aikinsa ke nan. Abin takaici, da yawa sukan maye gurbinsa da guntun wayar tagulla mai kauri. Daga nan babu abin da zai tsinke, sai siririyar wayar da ke kwance ƙarƙashin tabarma ta riƙa ɗaukar zafi ninki tara na wanda take ɗauka da dutse guda, har robar jikinta ta narke.