Shukar Binne da Koyarwar Hindu a Kan Aiki

 A yau za mu duba wata koyarwa ta mabiya addinin Hindu na ƙasar Indiya, domin ta taɓa tambayar da kowane manomi ya san nauyinta. Shin mutum zai iya yin aiki da dukan ƙarfinsa, alhali bai san ko zai ci amfaninsa ba?

Mutanen Indiya ba baƙi ba ne a gare mu. Da yawanmu malamansu ne suka koya mana lissafi da kimiyya a makarantun sakandare a shekarun 1970 da 1980, fina-finansu kuwa ba sai an faɗa ba. Amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa jin abin da littattafansu suke koyarwa.

Koyarwar tana cikin littafin Bhagavad Gita, mai sura 18 da ayoyi 700. Labarin kuwa shi ne, yaƙi ya tashi a kan sarauta tsakanin 'ya'yan wa da 'ya'yan ƙane. Da aka ja dāga a filin Kurukshetra, jarumi Arjuna ya dubi rundunar da ke gabansa, ya ga malaminsa, ya ga dattawan gidansu da 'yan'uwansa. Sai gwiwarsa ta yi sanyi, ya ajiye baka, ya ce ba zai yi yaƙi ba. Mai tuƙa masa keken doki shi ne Krishna, wanda Hindu suke ɗauka allah ne cikin siffar mutum. Krishna ya koya masa, tun daga sura ta 2, cewa ya cika abin da ya wajaba a kansa, ya cire zuciyarsa daga lissafin nasara ko faɗuwa. Ya kuma gargaɗe shi kada ya fake da haka ya naɗe hannu. Wannan shi ne suke kira nishkama karma, wato aikin da ba kwaɗayi a cikinsa.

Me ya sa suke ba abin muhimmanci haka? A bangaskiyarsu, duk aikin da mutum ya yi da sha'awar samun wani abu yakan ɗaure ransa, ya sa a sake haihuwarsa a duniya domin ya girbi abin da ya shuka. Aikin da aka yi ba da sha'awa ba kuwa, ba ya ɗaure rai. Saboda haka a wurinsu wannan hanyar kuɓuta ce.

To, 'yan'uwa, mu komo gida. A ƙasar jigawa irin ta Gaya da Ajingi, manomi yakan ɗauki gero tun ruwa bai sauka ba, ya sare busasshiyar ƙasa, ya zuba iri, ya rufe da ƙafa. Shi ne binne. In ruwan fari ya sauko da ƙarfi, ya riga kowa. In kuwa yayyafi aka yi aka ɗauke, iri ya tsiro ya ƙone, sai a sake shuka. Manomin ya san wannan sarai, duk da haka yakan fita. Ku lura da abu ɗaya: ba ya zuba irinsa duka. Yakan ajiye wani a rumbu saboda shuka ta biyu. Ashe ya damu da amfanin gona ƙwarai, iyali ne a bayansa. Abin da ya sani kawai shi ne sara da shuka suna hannunsa, hadari kuwa ba ya hannunsa. Dattawanmu sun ga farin 1973, sun ga kuturtar gyaɗa ta 1975 wadda ta lalata gonaki kimanin hekta 700,000 a Arewa. Waɗanda suka yi noma da kyau da waɗanda suka yi sakaci, duka suka tashi hannu wofi. Da damina ta zagayo, suka sake ɗaukar fartanya.

Haka Mahatma Gandhi ya fahimci Gita. Ya fassara shi zuwa harshensu na Gujarati, aka buga a 1930, shekarar da ya yi tattakin wajen mil 240 zuwa bakin teku a Dandi domin ya karya dokar Turawan Ingila ta hana mutane yin gishiri. Ya koyar cewa mai wannan hali dole ya san abin da yake nufin cimmawa, ya shirya da kyau, sa'an nan ya bar fargaba. Indiya ba ta sami 'yanci ba sai 1947, bayan shekara 17.

Mu masu bi, akwai abin da muka gane a nan. Manzo Bulus, cikin 1 Korantiyawa sura 3, ya kwatanta kansa da Afollos da ma'aikatan gona biyu, ya nuna girman shuka aikin Allah ne. Mai bishara da ya shekara goma a ƙauye, masu sujada ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, ya kamata ya ji wannan ya sami hutawa. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da kalmar tawakkali.

Amma ba za mu ɓoye inda muka rabu ba. Ba mu gaskata da sake haihuwa sau da yawa ba, kuma ba ma sa ran tsabtar aikinmu ta kuɓutar da mu, gama ceto ta wurin alheri yake. Na biyu, wajibin Arjuna ya fito ne daga asalinsa, an haife shi cikin jinsin mayaƙa, don haka aka ce ya yi yaƙi. Gandhi ya ce yaƙin misali ne na kokawar da ke cikin zuciya, amma ba dukan Hindu suka yarda da shi ba. Mu dai, kafin mu ce wa mutum ya yi aikinsa ba da damuwa ba, sai mun tambaya ko aikin kansa daidai ne.

Akwai kuma wani haɗari da muke gani kusa da mu. Koyarwa irin wannan tana da daɗi a bakin mai gona, tana da ɗaci a kunnen ɗan ƙwadago. Mutum ne yake ɗora wa zuciyarsa ita, ba a ɗora wa wani. Mai gonar da ya sa yara suka yi masa noman fari tun safe har azahar, sa'an nan ya ce su jira lada daga sama, wasiƙar Yakubu sura 5 tana magana a kansa. Haka ma ikilisiyar da ta riƙe albashin mai bishararta wata uku, tana yabon haƙurinsa daga kan bagade.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Amin.