Farin cikon haƙori: mi ke ba shi ƙarfi?

Ƴan'uwa, in haƙori ya yi kogo, ba dole ba ne a cire shi. Lokotoron haƙora yana iya share wurin da ya ruɓe, ya toshe ramin. Shi ake kira ciko. Akwai ciko mai launin azurfa, akwai fari mai kama da haƙori. Yau kan farin za mu yi magana.

Haƙori ba ya hutawa. Ga taunar nama da goro, ga shayi mai zafi, ga ruwan sanyi. Ciko dole ya jure duk wannan. To, ina yake samun ƙarfi?

Abu biyu ake haɗawa a yi farin ciko. Na farko danƙo ne irin na roba. Na biyu gari ne mai laushi ƙwarai, na kwalba ko na farin dutse. Ku tuna da aikin magini. In ya kwaɓa laka zalla, tana bushewa sai ta tsage. Shi ya sa yake sa mata ramno. To, danƙo shi ne lakar, gari shi ne ramnon.

Can da, an gwada ciko da danƙo zalla. Bai yi ƙarko ba. A shekarar 1962, wani lokotoron haƙora na Amurka, Rafael Bowen, ya fito da sabon danƙo wanda ake cakuɗawa da garin dutse. Ana shafa ma garin wani magani don ya manne da danƙon sosai. In ba su manne ba, garin zubewa yake yi, cikon ya lalace.

Ga aikin da garin ke yi:

1. Yana ƙara tauri, don kada cikon ya fashe wajen tauna.
2. Yana rage cinyewa. Danƙo zalla suɗewa yake yi da sauri.
3. Yana rage tsukewa. Danƙo yana tsukewa in ya daskare, amma dutse ba ya tsukewa. In ciko ya tsuke da yawa, sai ƴar kafa ta buɗe a gefe, abinci ya shiga, ruɓa ta dawo.
4. Yana hana cikon kumbura da motsewa sosai in an sha zafi ko sanyi.

Yawan garin yana da muhimmanci. A cikon da ake sa ma haƙoran tauna, gari ya kan kai kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na nauyinsa. Akwai kuma mai ruwa-ruwa, wanda garinsa bai kai haka ba. Yana shiga ƙaramin rami da sauƙi, amma bai cika ƙarfi ba. In kuwa gari ya yi yawa ainun, kwaɓin ya kan yi tauri, ya ƙi bin rami.

Girman ƙwayar garin ma abin dubawa ne. Na farko-farko tsaki-tsaki ne. Yana da ƙarfi, amma samansa kaushi gare shi, dauɗa na maƙalewa. Daga baya aka yi mai laushi lilis. Wannan yana sheƙi, ya dace da haƙoran gaba, sai dai ya fi saurin karyewa. Shi ya sa yanzu ake gauraya manya da ƙanana. Ƙananan suna cike tsakanin manyan, kamar rairayi cikin tsakuwa. Sai a samu ƙarfi da santsi gaba ɗaya.

Lokotoro ya kan sa cikon kaɗan-kaɗan, kaurin milimeta 2, yana haska shi da shuɗiyar fitila har ya daskare. Yawu yana ɓata mannewa. Don haka a yi haƙuri, a bar baki buɗe har a gama.

Amma fa ku sani, komi kyan ciko, bai kai haƙorin da Allah ya halitta ba. Ƙaramin ciko ya fi babba daɗewa. Saboda haka, da kun ga baƙin ɗigo ko kun ji tsami a haƙori, ku tafi likita tun ramin bai faɗaɗa ba. Bayan ciko, a bar fasa ƙashi da buɗe kwalba da haƙori. A riƙa wanke baki safe da dare, a rage sukari. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Waɗanne abubuwa biyu ake haɗawa a yi farin ciko?
2. Mi ke faruwa in ciko ya tsuke?
3. Don mi ake gauraya manyan ƙwayoyi da ƙanana?